Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya haɗa gonar talaka da kasuwar duniya

Sa'ad da Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a birnin Kano ranar 17 ga watan Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin mutumin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Wannan shi ne abin da aka fi tunawa da shi. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne inda dukiyar ta fito. Ba a gada ya same ta ba, ba kuma sarauta ce ta ba shi ita ba. Mafi yawanta ta taso ne daga gonakin ƙauye, daga ƙwaryar gyaɗar da mata suka ɓare a turmi da mangalar da jaki ya ɗauko zuwa bakin sikeli. Don haka tarihinsa ba ya rabuwa da tarihin yadda karkarar ƙasar Kano ta shiga cinikin duniya a cikin shekaru arba'in, da abin da ta samu a ciki, da kuma abin da aka rage mata.

An haife shi a shekarar 1877 a Bebeji, tsohon gari mai ganuwa a kudu maso yammacin birnin Kano, a kan hanyar da fatake ke bi zuwa Zazzau da ƙasashen kudu. Mahaifinsa, Abdullahi, Ba'agali ne, kuma madugu ɗan madugu. Agalawa mutane ne da asalinsu ya fito daga wajen Azbin, suka zauna cikin Hausawa har suka saje da su a harshe da al'ada, suka kuma riƙi fatauci sana'a. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka mamaye cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na goma sha tara. Wani abin lura game da su shi ne yawancinsu ba a cikin birni suke zaune ba. A garuruwa da ƙauyuka irin su Bebeji da Madobi suke, inda suke noma da damina, su kiwata jakuna, su sayi turkuɗi a hannun marinan Kura, in kaka ta yi su ɗaura kaya. Kakan Alhassan, wanda ake kira Baba Talatin, daga Katsina ya taso da iyalinsa ya zauna a Madobi, daga nan ɗansa Abdullahi ya koma Bebeji.

Abdullahi ya rasu a 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas. Da aka raba gado tsakanin 'ya'ya, abin da ya zo hannun kowa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa, wadda ake yi wa laƙabi da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai ƙarfin hali. Ta tashi ta tafi Ankara, wato Accra ta ƙasar Gana ta yau, ta bar yaranta a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta raine shi, kuma da sunanta duniya ta san shi. Gidan da yau ake lissafawa cikin manyan gidajen arziki na Afirka yana amsa sunan wata baiwa ce da ta riƙi marayu amana.

Ya yi karatun allo a Bebeji cikin ƙunci, yana aiki domin ya ci, kamar yadda almajiran zamanin suka saba. A nan ne ya koyi tara kuɗi a asusu, ɗabi'ar da ba ta rabu da shi ba har tsufansa. Yana da kimanin shekara goma sha biyar ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan tafiya, domin ita ce makarantarsa ta gaskiya. Ayarin Gwanja yakan ɗauki kimanin wata uku a zuwa, wata uku a dawowa, ban da zaman ciniki a can. Madugu ne ke shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, ana yada zango a inda aka saba, ana biyan garama ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, ana haye kogin Kwara a kwalekwale da jakuna da kaya. Ana tafiya da kanwa da tufafin saƙi da kayan fata da busasshen ganyen albasa, a komo da goro. Shi kuwa goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Dole a naɗe shi da ganye a cikin huhu, a riƙa kwancewa a kan hanya ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba kafin a iso Kano an yi asarar rabin jari. Yaron da ya tashi cikin wannan sana'a ya san lissafin kwana da nisa, ya san farashin abu ɗaya a kasuwa biyar, ya kuma san cewa yawancin cinikin a kan bashi da amana yake tafiya, tunda babu wanda zai iya ɗaukar isasshen wuri a bayan jaki.

A Ankara bai sami gatan da ya zata ba. Mahaifiyarsa ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da karatu da aikin ƙarfi, daga baya ya komo Bebeji. Komowarsa ta zo daidai da Basasar Kano. Bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita Takai a ƙarƙashin Yusufu. Agalawa da yawa suka goyi bayan Tukur, shi kuwa Tukur aka ci shi da yaƙi, Aliyu Babba ya shiga Kano a 1894. Garuruwan da suka bi Tukurawa suka ɗanɗana kuɗarsu. Alhassan da 'yan'uwansa Bala da Sidi suna cikin waɗanda aka kama, sai daga baya suka fanshi kansu suka koma gida. Bai cika shekara ashirin ba, amma ya riga ya ga maraici, ya ga baƙunta, ya ga bauta.

Hanyar teku

A shekarun da suka biyo baya tsohuwar hanyar Gwanja ta fara mutuwa. Yaƙin basasa ya rusa kasuwar Salaga a 1892. Turawan Ingila suka mamaye Kumasi, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sekondi a bakin teku har zuwa can, aka gama ta a 1903. A wannan shekarar ce kuma rundunar Turawa ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanyarta ta zuwa Kano, wadda ta faɗa hannunsu ranar 3 ga Fabrairu. Manyan madugai da dama suka ci gaba da bin hanyar da iyayensu suka bi, suna ganin ayari yana raguwa shekara kan shekara.

Alhassan ya duba al'amarin ta wata fuska. Daga wajen 1906 ya fara saukar da goronsa zuwa bakin teku, ya loda shi a jirgin ruwa daga Sekondi ko Ankara zuwa Ikko, daga can a hau da shi arewa. Tafiyar da take cin wata shida ta koma ta makonni, goro yana isowa da ɗanyensa, jari kuma yana juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Yana cikin Kanawan farko da suka yi haka da yawa. A kan hanyar komowa yakan haɗa da duwatsun wuya da murjani da yadin Turawa. Da kasuwanci ya bunƙasa ya koma birnin Kano, ya gina gida a wani fili da ke gefen unguwar Koki, wurin da har yau ake kira Sarari. Matarsa Umma Zariya ita ke kai kayansa ga matan kulle a cikin gidaje, kasuwar da namiji ba shi da hanyar shigarta.

Shekarar da gyaɗa ta toshe titunan Kano

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawan mulki ba don gyaɗa suka shimfiɗa ta ba. Auduga suke so, domin masaƙun Lankasha na Ingila, har an kafa ƙungiya ta musamman da ta gina injinan gurzar auduga tana rarraba iri. Sai dai lissafinsu bai yi la'akari da abu biyu ba. Na farko, ƙasar Kano tana da dubban masaƙa da marina waɗanda ke sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa. Na biyu, a daidai wannan lokaci masana'antun Turai sun gano hanyar daskarar da man tsirrai su mayar da shi man shafa wa burodi, sai farashin gyaɗa ya tashi.

Manomin ƙasar Kano bai karanta labarin kasuwar Libaful ba, amma ya iya lissafin gonarsa. Gyaɗa tana son jigawa, ƙasar da ta fi yawa a arewaci da gabashin Kano. Tana ƙara wa gona ƙarfi maimakon ta tsotse ta, ana kuma iya shuka ta tsakanin gero da dawa. Aikinta bai kai na auduga ba. Harawarta abincin dabbobi ce da rani. Abin da ya fi duka, in shekara ta ɓaci ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Ga kuma haraji da aka fara neman a biya shi da kuɗin Turawa, ba da wuri ko hatsi ba. Kamfanonin Turawa da suka biyo jirgi ba su san ƙauyuka ba, ba su jin Hausa, sai suka nemi tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Waɗannan suka baza yaransu cikin karkara da gishiri da tufafi da kuɗi, suna gaya wa masu gari da manoma cewa duk gyaɗar da aka noma akwai mai saye.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ta tashi daga kimanin tan dubu biyu da rabi a 1912 zuwa sama da tan dubu goma sha tara a 1913. Jirgi ya kasa kwashewa, buhuna suka taru a tasha da titunan da ke kewaye da ita. Babu wani jami'in gona da ya tsara wannan. Manoma da fatake ne suka yi shi, kuma sun yi shi ne a kan abin da gwamnati ba ta so ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Ruwa ya yi ƙaranci a daminar 1913, aka shiga yunwar da mutanen ƙasar Kano suka sa wa suna Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu yawan gaske a 1914. Daga nan manomi ya ɗauki darasin da ya riƙe shekaru masu yawa: sai an cika rumbu da hatsi sannan a waiwayi gyaɗa. Da ruwa ya dawo, cinikin ya farfaɗo, har ya wuce tan dubu hamsin a 1916.

Shigarsa cinikin gyaɗa

A 1918 ne kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya shigo bayan wasu, amma ya shigo da abin da ba su da shi. Yana da jarin kansa daga goro, don haka ba sai ya jira kuɗin kamfani ba kafin ya fara saye. Ya zauna a bakin teku, ya san yadda Turawa ke awo da lissafi, yana kuma iya ma'amala da su kai tsaye. Sannan shi ɗan karkara ne, ya san lokacin da manomi ke cikin matsi da lokacin da yake da abin sayarwa. Cikin shekara huɗu, wato zuwa 1922, ya sha gaban Sharubutu da Maikano Agogo, ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Tsarin da ya bi shi ne tsarin ayari, sai dai ya shimfiɗa shi a kan ƙasa maimakon hanya. A sama akwai shi da manyan yaransa, cikinsu har da Garba Maisikeli wanda ya riƙe masa lissafin kuɗi shekaru masu yawa. A ƙarƙashinsu akwai wakilai a garuruwa, kowanne da sikelinsa da akawunsa da buhunansa. Su kuma suna da nasu yaran da ke shiga ƙauyuka da jakuna da raƙuma. Kuɗi yana sauka daga sama tun kafin kaka, gyaɗa tana hawowa daga ƙasa bayan kaka. Babu takardar yarjejeniya a mafi yawan matakan nan. Abin da ke riƙe da su shi ne sanin asali, da auratayya, da tsoron zubewar mutunci, da kuma sanin cewa wanda ya ci amana bana ba zai ga jari baɗi ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara a matsayin yaransa sun zama attajirai masu zaman kansu, domin ya saba barin yaro ya yi nasa cinikin a gefe muddin bai taɓa na maigida ba.

Abin da wannan ya haifar a ƙauye ya fi abin da ake gani a littafin kamfani. Kafin gyaɗa, saurayi yana aiki ne a gandun mahaifinsa, abin da ya mallaka bai wuce 'yar gayaunarsa ba. Da gyaɗa ta zama kuɗi, gayaunar nan ta isa ta biya haraji, ta yi sadaki, ta sayi jaki, daga baya har keke. Mata suka sami sana'a a ɓara da sussuka, ban da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da suka saba yi. Masu jakuna da raƙuma suka sami lodi na wata huɗu ko biyar kowace shekara. Maɗinka buhu, 'yan dako, masu abinci a bakin sikeli, maƙera da ke gyara fartanya, kowa ya sami rabonsa. Da aka miƙa hanyar jirgi zuwa Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, ƙananan wuraren da ke kan layi suka zama garuruwa masu kanti da kasuwa, ƙasar da a da ta yi nisa da saye ta shigo cikin cinikin.

Amma adalci ga tarihi ya ƙunshi faɗin ɗaya ɓangaren. Kuɗin da ake ba manomi da bazara ko tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ba kyauta ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ya karɓa ya ɗaure amfanin gonarsa ga mai kuɗin, sau da yawa a farashin da bai kai na kasuwa ba. Ga 'yan baranda da ke tare manoma a bakin gari, ga ƙorafin tauye awo da ya bi cinikin gyaɗa duk tsawon zamaninsa. Wannan lalura ce ta tsarin baki ɗaya, daga kamfanin Turawa har ƙaramin dillali, kuma duk wanda ya yi arziki a cikinsa ya yi ne da ita a ciki. Abin da za a iya faɗa game da Ɗantata shi ne mutane sun ci gaba da kai masa kaya shekara talatin da 'yan kai, alhali ga masu saye da yawa a kasuwa, kuma manomi ba ya komawa sikelin da ya tabbata ana zaluntarsa in yana da wani.

Manoman wancan zamani ba su yarda da kuɗin takarda ba, azurfa suke so, wadda za a iya bisnewa a tukunya ba tare da gara ta ci ba. Saboda haka babban mai sayen gyaɗa dole ya tara tsabar sulalla masu nauyin gaske. Wannan ne asalin labarin da ya shahara cewa a 1929 Ɗantata ya kai ajiyar azurfa lodin raƙumi ashirin reshen Kano na Bank of British West Africa, bankin da ya zama First Bank na yau. A lokacin attajiran Kano da yawa suna ƙyamar banki, wasu don tsoron riba, wasu don kada hukuma ta san abin da suka mallaka. Shigarsa ta buɗe wa wasu ƙofa.

Iyakar da aka gindaya masa

A wannan shekara ta 1929 aka haɗe Niger Company da wani babban kamfani aka kafa United Africa Company, wato UAC, wanda ya zama gagarabadau a cinikin Afirka ta Yamma. A shekarar ce kuma tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin gyaɗa ya faɗi warwas a farkon shekarun 1930. Haraji bai sauka daidai da faɗuwar farashi ba, don haka manomi ya ƙara faɗin gona domin ya sami abin da a da ƙaramar gona ke ba shi. Dillalai da yawa suka karye. Ga kuma 'yan Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, sun shigo cinikin da motocin lodi da bashin banki. Ɗantata ya tsallake wannan zamani ne saboda bai taɓa zuba jarinsa a tukunya ɗaya ba. Bai bar goro ba, yana tura shanu Ikko, yana cinikin hatsi da tufafi da duwatsun ado, yana kuma sayen filaye da gidaje. Ya fito daga cikin matsin a matsayin babban mai saya wa UAC amfanin gona a Arewa.

Duk da haka akwai matakin da ba a bar shi ya taka ba. Riba mafi tsoka tana wajen fitar da kaya zuwa Turai, wannan kuwa kamfanonin Turawa sun riƙe shi kam. A 1940 ya nemi izinin saye da fitar da gyaɗa da sunan kansa, aka hana shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara tsaurara al'amarin, domin gwamnati ta karɓe cinikin amfanin gona, ta raba kason saye bisa ga abin da kowane kamfani ya saba fitarwa kafin yaƙi, ma'aunin da tun farko ya fitar da 'yan ƙasa daga lissafi. Mutumin da ya fi kowa sanin inda gyaɗa take ya ci gaba da zama ɗan tsakiya. Bayan yaƙi aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Ita ke yanke farashi, ita ke sayarwa waje, rarar kuma ta shiga asusunta. Da wannan rara aka yi ayyuka da dama a Arewa, amma daga aljihun manomi aka cire ta. Sai a wajen 1953, saura shekara biyu ya rasu, Ɗantata ya sami lasisin saya wa hukumar kai tsaye.

Dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin Kano, da sunansa ake danganta fara ta. Ana jera buhuna ne hawa-hawa har su yi tsini, babbar dala takan ɗauki buhu dubu goma sha biyar, a lulluɓe ta da tamfol in damina ta gabato. Masu kallon hotunanta a yau suna ganin alamar yalwa, kuma haka ne. Sai dai ita dalar shaida ce kuma ta gazawar jirgin ƙasa, wanda bayan yaƙi ba shi da isassun kawuna da taragun da za su kwashe amfanin shekara kafin na wata shekarar ya iso. Wata dalar takan shekara a tsaye ƙwari suna ci. Dabara ce ta ɗan kasuwa da ya rasa sito da jirgi, ya nemi yadda zai adana kaya a fili.

Ƙarshen rayuwarsa

Ya yi aikin Hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, a lokacin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Sudan suna shekaru a hanya. Bayan haka ya biya wa mutane da yawa kuɗin Hajji. Mabiyin ɗariƙar Ƙadiriyya ne, an kuma san shi da ciyarwa da taimakon malamai. Waɗanda suka yi zamani da shi sun siffanta shi da ƙanƙan da kai a ci da sutura, da kuma tsananin kula da lissafi, har na abin da wani attajirin zai raina.

A shekarunsa na ƙarshe an sa shi cikin majalisar Sarkin Kano, a lokacin da ake buɗe ta ga waɗanda ba 'yan sarauta ba. Ya haɗa kai da wasu attajirai suka kafa Kano Citizens' Trading Company, wanda ya gina masaƙar zamani ta 'yan ƙasa a Kano, yunƙurin farko na mayar da kuɗin fatauci zuwa masana'anta. Ya kuma shiga harkar gine-gine da sufuri.

Da ciwo ya tsananta masa a 1955, ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya da su zauna lafiya da juna, kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje. Ya san abin da yake tsoro, domin ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta narke a rabon gado yana ɗan shekara takwas, kuma haka dukiyar yawancin attajiran ƙasar Hausa take ƙarewa. Ya rasu yana da shekara 78, aka binne shi a gidansa da ke Sarari.

An raba gadon bisa shari'a, amma kamfanin ya tsaya. Ahmadu ya jagorance shi har rasuwarsa a 1960, sannan Aminu ya karɓa. Sanusi ya zama babban mai sayen gyaɗa da kansa, Mamuda kuma ya shahara a jigilar alhazai, har unguwar Wapa ta Fagge ta samo sunanta daga kamfaninsa. Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Ita kuwa gyaɗar ta kai ganiyarta a shekarun 1960, lokacin da Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da ita. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa shukar a 1975, da komawar hankalin gwamnati kan man fetur, suka kawo ƙarshen fitar da ita. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986, filayen da dalar ke tsayawa a Kano kuma aka gine wasu, wasu suka zama wurin ƙwallon yara.